Sandar Shafi na Arba'in

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

An cire ni daga ordinatar, kwamfutar shago. Shekara huɗu ina buga wa ɗaliban jami'a memwar ɗinsu, littafin binciken kammala karatu, a shagon nan na Lamordé, duk unguwar an san in rubutu yana da lissafi wurin Isaka ake kai shi, amma yau maigida Amadou ya nuna mini teburin ɗauri da haɓarsa. Huda takardu, zura zoben roba, ɗora kwali. Aikin da ko akuya za ta iya in an ba ta sati biyu.

Yaya Ƙasimu ne ya ja mini. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ya shigo da hantsi riƙe da memwar ɗinsa na masta, wanda ni na buga masa, malamarsa Dokta Hamsatu ta zagaye wuri goma sha ɗaya da jan bik. Ya maka shi a kan teburina a gaban ƴan ajinsu huɗu da ke jiran fotokofi, ya ce da Faransanci, don su ji da kyau, wai na ɓata masa aiki. Wai inda ya rubuta ⋊ ni na buga ×. Wai haka ake gani in an ba wanda ko lise, makarantar sakandare, bai gama ba aikin manya.

Na ba shi amsa. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Amadou ya ce, "Kala suuru, Isaka, haƙuri. Mai kawo aiki mai kawo aiki ne, ko da ɗan uwanka ne." In Amadou ya fara da Zabarmanci ya ƙare da Hausa, ka san maganar ta ƙare.

Litinin, bayan magariba

Na kwashe kayana daga ɗakinmu na Lamordé, ni da Yaya. Ina Talladjé, ƙetaren kogi, wurin Anas tela, ɗan unguwarmu a Damagaram. Ban damu ba.

Talata, 8 ga Yuli, shida da rabi na safe

Koren kaye ɗin, littafin rubutun da Yaya ya rubuta memwar ɗin a ciki da hannunsa, yana cikin jakata, ya manta bai karɓa ba. Na ƙirga. Wuri goma sha ɗaya, × ne, gicciye tsirara, babu sanda ko ɗaya, da rubutunsa mai kwanciya kamar gero bayan iska.

Kuma na faɗa masa. Tun watan Mayu, ranar da na kai shafi na arba'in, na ce, "Yaya, wannan ba alamar sau ba ce ya kamata, sanda ta ɓace." Bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. Ya ce, "Kai buga abin da ka gani. Yatsunka na aro, ban ari kanka ba."

Na buga abin da na gani.

Yanzu ga yadda abin yake. In laifin mai bugawa ne, a gyara alamar a sake bugawa, ya tsaya gaban juri, malaman da za su yi masa tambayoyi, ranar ashirin da tara ya kare memwar ɗinsa. In laifinsa ne, babi na uku ya rushe. Shi ya sa ya zama nawa.

Laraba, 9 ga Yuli, sha biyu na rana, an ɗauke wuta

Shago shiru, Amadou yana fifita da kalanda. Bari in rubuta abin a Hausa, tunda babu wanda zan faɗa wa, kuma in ban rubuta ba kaina zai fashe.

Na koye shi a wani littafi da wani ya kawo fotokofi shekara uku da suka wuce bai dawo ya karɓa ba. Ba bango, ba sunan marubuci, daga shafi na goma sha bakwai ya fara. Abin da Faransawa ke kira gurup, ni rukuni nake ce masa: tarin motsi ne, wanda in ka yi ɗaya ka bi shi da wani ka sake samun motsi a cikin tarin, kuma kowane motsi ana iya warware shi. Littafin ya ce kada ka buɗe cikin rukuni kana ƙirga hanjinsa. Tsaya waje ka kalli kibiyoyin da ke shiga da masu fita, su za su gaya maka ko wane ne.

To ga jeren da duk rigimar take kansa:

N → G → H

Kibiyar farko ta zuba ƙaramin rukuni N cikin babba G. Ta biyu ta matse G, duk abin da yake na N ya ɓace, abin da ya rage shi ne H. Tambayar ita ce, in na ba ka N na ba ka H, ka san G? Ba ka sani ba. Kaya iri ɗaya, ɗinki daban.

Sai a nemi kibiyar komawa. Iri biyu ce. Akwai wadda take tasowa daga G ta koma N. In ka same ta, shi ke nan, N da H zaune suke gefe da gefe ba mai taɓa wani, G shi ne N × H. Akwai kuma wadda take tasowa daga H ta koma G. In ita ka samu, abin da ka sani kawai shi ne H yana da wurin zama a cikin G, amma yana iya sa hannu yana juya N yadda ya ga dama. Wannan shi ne N ⋊ H. Sandar tana tsayawa a gefen mai juya ɗan uwansa.

A duniyar da motsi bai damu da wanda ya riga wani ba, kibiyoyin nan biyu tare suke zuwa, ka samu ɗaya ka samu ɗaya. Yaya ya haddace wannan a aji uku na jami'a, ya ɗauko shi ya shigo da shi inda ba ya aiki. Ba komai ba ne kuskurensa sai wannan. Shekara biyar a jami'a.

An kawo wuta.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan la'asar

Na yanko kwali mai kusurwa uku daga ragowar bangon memwar ɗin wani, na sa wa kusurwoyin lamba gaba da baya, na kawo gida. Anas yana kan keke yana haɗa wata riga. Na ce ya ba ni minti biyar.

Ya ce, "In wa'azin lissafin nan ne, biyu."

Na nuna masa. Hanya shida ce kwalin zai koma gurbinsa. Uku juyi ne, har da barinsa yadda yake. Uku kuma kifawa ce. Juyin nan uku su ne N. Fuska ko baya, abu biyu, su ne H. Na juya na kifa, lamba ɗaya ta faɗo wani wuri. Na maido, na kifa na juya, ta faɗo wani wuri daban.

Anas ya cire allura daga bakinsa ya ce, "Wannan ne? Wannan ne ya raba ka da yayanka? Ai duk wanda ya taɓa yanka hannun riga ya san shi. Ka kifa yadi kafin ka juya, ka tashi da hannun hagu guda biyu. Na sha mari a kansa a Babbar Kasuwa."

Na ce to, mai masta bai sani ba.

"A kawo shi in ba shi almakashi."

Na yi dariya, karo na farko tun Litinin. Sai na ji haushin dariyar.

Ga hujjar, layi uku, don kada wani ya ce da baki kawai nake yi. A ce akwai kibiyar da ke maida kowane motsi juyi, ta bar juyi yadda yake. Kifawa sau biyu daidai take da ba ka yi komai ba, a cikin juyi uku kuwa babu mai wannan hali sai tsayawa cik, saboda haka duk kifawa tsayawa cik za ta zama. Amma kifawa biyu mabambanta in ka haɗa su juyi suke bayarwa, ke nan juyin ma ya zama tsayawa cik, alhali an ce kibiyar ba ta taɓa juyi. Ƙarya ta ƙare. Kibiyar babu ita. Kwalin da aka jefar ya ƙaryata babi na uku.

Lahadi, 13 ga Yuli, tara na safe

Inna ta kira daga Damagaram. Ta riga ta kama wuri a bis, ranar ashirin da takwas za ta iso. Ta ɗinka sabon zane. Ba ta taɓa ganin kogi ba, tana tambaya wai gadar ba ta girgiza.

Ta ce, "Kai da yayanka lafiya? Na kira shi jiya, na ce ya ba ni kai, ya ce ka fita."

Na ce na fita ɗin.

"Isaka, bakin nan naka."

Na ce Inna, me bakina ya yi kuma?

"Ban ce ya yi ba. Tuna maka nake."

Tun ranar da aka kore ni daga lise saboda na gaya wa mushen lissafi, malaminmu, gaskiya a gaban aji, take tuna mini. Gaskiya ce kuwa, ya yi kuskure a allo. Kalmar da na ɗora a kai ce ba ta zama dole ba.

Litinin, 14 ga Yuli, uku na rana

Yaya bai zo ba, aiko da memwar ɗin ya yi. Amadou da kansa ya zauna a kujerata, ya ce wa injin duk inda ya ga × ya maida shi ⋊. Duka. Ya buga kofi huɗu ya turo mini in ɗaure.

Shafi na sha biyu: 2 ⋊ 3 = 6.

Na kai masa na ajiye. Ya duba, ya duba, ya ce, "To mene ne? Ba ita suke so ba?"

Na ce ita suke so, maigida, har a lambar waya ma a sa musu.

Ya gyara na shafi sha biyu yana gunaguni. Amma shafi na arba'in da ɗaya yana nan yadda yake. A nan ne Yaya ya gina kibiyar da babu ita, a layi na bakwai ya musanya haruffa biyu kamar ba ruwansu da wanda ya riga, ya rubuta "a bayyane yake". An sa wa kan magana sanda, an bar gindinta a ruɓe. Duk wanda ya karanta a hankali cikin juri zai kama shi a gaban jama'a.

Na huda, na zura zobe, na ɗora kwali. Kofi huɗu. Ya faɗi mana. Ban damu ba.

Talata, 15 ga Yuli, bakwai na safe

Ruwa tun asuba. Taksi ya ƙi tsallaka gada, na taka.

Alhamis, 17 ga Yuli, biyu na rana

Wata ɗaliba ta zo teburin ɗauri, ba ta da abin ɗaurewa. Ta duba hagu da dama ta rage murya ta ce, "Kai ne Isaka? An ce kana rubuta wa mutane. Za ka yi mini nawa?"

Na ce wa ya ce?

"Duk sashen lissafi an sani."

Na kore ta. Don haushi har na huda memwar ɗin wani a gefen dama.

To. Bari in rubuta, tunda duk sashen lissafi sun riga ni. Abin da na ce wa Yaya ran Litinin ɗin nan, da Hausa, da ƙarfi, a gaban mutum huɗu ƴan ajinsu, shi ne: "Wanda bai gama lise ba, wa ya rubuta maka aikin bara da ka ci yabo da shi?"

Shi ya fara. Ina so a rubuta cewa shi ya fara.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan azahar

Yaya ya zo Talladjé. Anas ya gan shi a ƙofa, ya tuna yana da zare da zai saya, ya fice.

Bai zauna ba. Ya rame, ko kuma rigar ce. Ya ce maganar ta kai kunnen Dokta Hamsatu. Ta ce tana son ganin mai bugawar nan da idonta ran Litinin ƙarfe goma. In ta tabbata wani ke rubuta masa, babu tsayawa gaban juri, kuma na bara ma za a soke.

Na ce, "Sai me?"

"Ka je ka ce mata ba ka san komai ba. Ka ce haruffa kawai kake gani."

"Ai ka riga ka faɗa wa duniya haka, Yaya. Me ya rage in ƙara?"

"Isaka, ba wasa na zo ba."

Na ciro koren kaye na ɗaga masa. Na ce ga shaidarka nan, mai sauƙi. In kai mata ta ga rubutun hannunka, ta ga kuskuren. Wannan kuskuren shi ne babbar hujjar cewa kai ka rubuta, don ni ko da zazzaɓi ba zan yi shi ba.

Ya ce, "Ta ga na yi mata ƙarya ke nan."

"Ka yi mata ai."

"Sannan ta ce in kawo kayen bara. Rubutun hannun wa ke ciki?"

Na sauke kayen. Keken Anas ne kawai a tsakaninmu da rigar wani rataye a kai.

Ya ce, "Inna ta ɗinka zane."

Na ce kada ka sa Inna a bakinka. Na faɗi wasu abubuwan kuma. Ya tsaya ya shanye su duka, abin da bai taɓa yi ba, ya sa takalmi ya tafi. Ko "yi haƙuri" bai ce ba. Na saurara da kyau, bai ce ba.

Lahadi, 20 ga Yuli, biyar na yamma

Anas ya ce in gwada fuskar jaki, ta wanda bai san komai ba, a madubinsa saboda gobe. Ya ce ba ta zauna ba, idona yana yi wa mutane gardama ko bakina a rufe.

Litinin, 21 ga Yuli, ɗaya na rana

Na je wurin Dokta Hamsatu. Na bar kayen a gida don kada hannuna ya yi abin da ban sa shi ba.

Ofis ƙarami, fanka tana kuka, takardu har kan kujerar baƙi. Ƴar gajeruwa ce, da tabarau a kan goshi, Hausarta ta Tahoua. Ta kwashe takardun da kanta ta ce in zauna. Ban shirya wa kirki ba. Na shirya wa wulaƙanci, na zo da amsoshinsa a aljihu.

A kan teburinta akwai littafi a buɗe. Na gane zanen da ke shafin tun daga ƙofa, murabba'in kibiyoyi da ɗigo-ɗigo a tsakiya, shafi na sittin da uku. Littafina ne. Da bango. Da shafi goma sha shida na farko, waɗanda shekara uku nake ƙoƙarin ƙirƙiro abin da ke cikinsu. Tazarar hannu ɗaya. Na kalli fanka.

Ta tambayi inda na tsaya a karatu, na faɗa. Ta tashi ta rubuta a allo, N, G, H, kibiya biyu. Ta ja kibiyar komawa daga H. A ƙasa ta rubuta G = N × H, ta ja layi biyu ƙarƙashinsa, ta juyo.

"Mi ka gani nan?"

Na ce, "Haruffa, Madam."

"Daidai ne?"

Wallahi harshena sai da ya motsa da kansa. Shekara uku ina neman mutum ɗaya a garin nan da zan yi wannan maganar da shi ba tela ba. Ga ta tsaye da alli a hannu tana tambayata.

Na ce, "Ni dai in an rubuta gicciye, gicciye nake bugawa. Mai sandar nan ba ya kan madannai, sai an nemo shi. In na gaji nakan sa wanda ke kusa."

"Sau goma sha ɗaya?"

"Na gaji sosai, Madam."

"To maganar da ka yi a shago?"

Na ce haushi ne. Ya zage ni a gaban mutane, na nemi abin da zai fi yi masa ciwo na jefa. Wannan kam ba ƙarya ba ce duka.

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ɗauki alli ta ƙara sandar a hankali, ta yi mini bayani kamar yaron firamare, wai wannan ƴar sandar da nake rainawa tana nufin ɗaya yana aiki a kan ɗaya. Ta kawo misalin alwatika. Ni. Aka yi mini misalin alwatika. Na gyaɗa kai, har na ce "ikon Allah".

Ta ce, "Ka gaya wa maigidanka, lissafi ba a ba wanda bai san shi ba ya buga." Na ce to.

Ina bakin ƙofa ta ce, "Ka kuma gaya wa yayanka na karanta shafi na arba'in da ɗaya jiya. Mai bugawa yana iya yar da sanda, amma ba ya ƙirƙiro hujjar ƙarya rabin shafi. Wannan nashi ne, ya kwantar mini da hankali ma. Ya kawo mini shi a gyare ran Juma'a, da bakinsa zai yi mini bayani, in ba haka ba sai baɗi."

Ban sani ba ko ta yarda da ni. Ban sani ba. Na tsaya a gada na daɗe ina kallon masu wanki.

Talata, 22 ga Yuli, sha ɗaya na safe

Na isar wa Amadou saƙonta kalma da kalma, tunda an aike ni. Ya ce, "Ka ji ko? Dokta ma ta faɗa." Ya liƙa takarda a ƙofa yana neman mai bugawa da ya yi jami'a.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan la'asar

Yaya ya zo da shafi na arba'in da ɗaya da farar takarda da bik biyu. Ya miƙo mini ɗaya. Na zauna a kan hannuwana.

Na ce ba zan rubuta ko ɗigo ba. Jahili ne ni, da shaidar Dokta.

"Isaka, kwana biyu ya rage."

Na ce karanta layi na bakwai da ƙarfi. Ya karanta. Na ce sake. Ya sake. Na ce wa ya ba ka izinin tsallakar da wannan harafin ta kan wancan? Ya ce ai a bayyane yake. Anas daga kan keke ya ce, "Hannun hagu biyu." Yaya ya juya ya ce wa ya sa da kai. Na tura masa kwalin da ƙafa.

Awa biyu. Ya juya, ya kifa, ya yi tsaki, ya ce kwalin ne ba daidai aka yanka ba. Na zage shi, ya zage ni. Can sai ya kifa, ya sake kifawa ta wata kusurwa, ya ga lamba ɗaya ta matsa gaba. Ya ce a hankali, "Kibiyar babu ita."

Na ce sannu da zuwa.

Abin da ya fi ba ni haushi, da ya gane, sauran da kansa ya yi, kuma hanyar da ya bi ya nuna yadda H ke juya N ta fi tawa gajarta. Ba jaki ba ne. Da jaki ne da na huta.

Juma'a, 25 ga Yuli, huɗu na yamma

Dokta ta karɓa. Saƙo Yaya ya turo, kalma biyu. Ni na ɗaure sababbin kofin.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan magariba

Inna ta iso, ƙafafunta a kumbure. Ta rufe ido har muka gama tsallaka gada. Na maida tabarmata ɗakin Lamordé kafin ta zo, don kada ta ƙirga tabarmi.

Talata, 29 ga Yuli, biyar na yamma

An yi. Ɗakin ya cika, ƴan ajin Yaya a baya, juri mutum uku a gaba da ruwan roba. Na zauna kusa da Inna a layi na biyu don in riƙa fassara mata. Ta sa sabon zanen, ta riƙe jakarta a cinya da hannu biyu.

Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Wani tsoho cikin juri, mai furfura a gira, ya tafi kai tsaye shafi na arba'in da ɗaya kamar an aike shi. Ya ce me ya sa ba za a sami kibiyar komawa ta ɗaya gefen ba? Yaya ya ɗauki alli ya ba shi amsa ba tare da ya duba takarda ba. Tsohon ya ce da kyau. Na ga Dokta Hamsatu ta sauke tabaranta ta rubuta wani abu. Ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba.

Inna tana ta taɓa ni. "Me ya ce? Faɗa suke masa?" Na ce tambaya ce, ya kuma amsa. "Daidai?" Na ce daidai.

Sai shugaban juri ya ɗaga kofin farko da aka aika masa tun farkon wata, ya ce shi nasa cike yake da gicciye marasa sanda, yaya aka yi? Yana murmushi ya yi tambayar, ba tarko ba ne. Da Yaya ya ce an gyara a sabon kofi, da ya wuce.

Ya gyara wuyan rigarsa ya ce yana ba juri haƙuri, ƙanensa ne ya buga masa, ga shi can zaune, yaron kirki ne amma shi duk gicciye gicciye ne a wurinsa.

Ɗakin ya fashe da dariya. Ƴan baya suka miƙa wuya suna nemana, har da huɗun nan. Tsohon mai gira ma ya yi dariya yana goge ido. Yaya ya dube ni daƙiƙa ɗaya, ya maida ido kan allo.

Ina da amsa. Tana nan a kan harshena cikakkiya, da Faransancinta, da lambar shafi.

Inna ta ja hannun rigata, fuskarta duk haske. "Kai suke kallo, Isaka. Me ya ce a kanka?"

Na ce, "Godiya yake mini, Inna."

Ta ce, "A gaban manyan nan duka?" Ta saki jakar, ta kama hannuna ta ɗaga sama don na baya su gan ni da kyau. Aka ƙara dariya, aka yi tafi. Na bar mata hannun har ta gaji.